Ku Bar Tsohon Soja Ya Saka Lambarsa

Wata ranar Lahadi cikin hunturun Janairu, ina zaune a bencin mai shayi bakin tashar garinmu, ana ta loda awaki za a kai kasuwar Gujungu, sai ga wani dattijo ya ɓullo daga lungun masallaci. Baba Kofur muke ce masa, yara da yawa ma ba su san sunansa na yanka ba. Ya sa farin kaftani da ya sha wanki da guga, ya ɗora wata tsohuwar hular soja da rana ta cinye launinta. A ƙirjinsa na hagu lambobi uku ne suna lilo, kusa da su kuma ɗan jan furen nan da ake maƙalawa idan ranar tunawa da 'yan mazan jiya ta gabato. Mota yake jira, zai je taronsu na tsofaffin sojoji.

Wani saurayi ɗan acaɓa ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ko Ojukwu ne ya dawo?" Aka kwashe da dariya. Na kusa da shi ya ƙara da cewa waɗannan ƙarafa da an kai wa 'yan jari-bola da an samu na goro. Baba Kofur bai ce uffan ba. Ya gyara zaman hularsa, ya juya fuskarsa wajen titi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ma sai da na murmusa. Sai da motarsu ta tashi na lura da abin da mai tsokanar yake sanye da shi: wando mai dabbare-dabbare irin na soja da ya saya a gwanjo, da rigar ƙwallon wata ƙungiya ta Ingila mai ɗauke da sunan wani ƙato a baya. Wanda bai taɓa kwana a rami ba ya sa kayan soja babu mai yi masa dariya, wanda ya yi wata talatin ana harbinsa kuwa ya zama abin shaƙiyanci.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Tsohon soja yana da haƙƙin ya saka lambarsa duk ranar da ya ga dama, mu kuma mu tashi mu ba shi wuri. Jan furen nan ya kamata mu saya mu maƙala, har a ƙauye, amma da sanin cewa shaidar bashi ce mutum ya rataya wa kansa. Kakin soja da lambar yaƙi kuwa a bar wa masu su. Na san akwai masu ja, kuma ba duk maganarsu ce ta banza ba.

"Ai wannan ba al'adarmu ba ce"

Wannan ita ce ta farko da za ka ji a majalisa, kuma rabinta gaskiya ne. Furen daga Turai ya zo. A Yaƙin Duniya na Ɗaya wani jan fure ya riƙa tsirowa a filayen da aka gwabza a ƙasar Beljiyam da arewacin Faransa, sai Turawa suka mai da shi alamar matattunsu. An tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba 1918, shi ya sa har gobe a ranar suke nasu taron. Mu ma da can a ranar muke yi, kafin a mai da namu 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

To amma ɗan Kano ne zai ce mini bai san saka alama ba? Jar hula kaɗai ta isa amsa. Tun daga nesa ka hango ta ka san gidan siyasar mai ita, ba sai ya buɗe baki ba. Matanmu ba sa zuwa biki sai da anko. Dagaci ba ya zama dagaci sai an naɗa masa rawani, kuma ko yaro ya san bambancin rawanin hakimi da na liman. Ranar hawan sallah a Gumel ko Haɗejia ko Kano, me 'yan lifida da 'yan sulke suke yi in ba saka kayan yaƙin kakanni ba? Shekara fiye da ɗari rabon da a fita yaƙi da sulke, amma duk shekara sai an fito da shi, ana busa, ana kirari, mata na guɗa. Mafarauci ma da warkinsa da layunsa yake zuwa taro, babu mai ce masa farautar ta ƙare.

Ashe ba alama muke ƙi ba. Mun iya girmama mayaƙin da ya mutu tun zamanin Sarki Alu, wanda yake raye a lungunmu yana tari cikin dare ne ba mu iya ba.

Kuma in ana maganar baƙon abu, sojan Nijeriya ba baƙon Bahaushe ba ne. Tushensa a Legas a 1863, wani Bature mai suna Glover ya fara da mutum 18, rundunar ma da sunan Hausawa aka san ta. Shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. Daga can muka samo kurtu da kofur da saje da samanja da fareti. A Yaƙin Hitila an kwashi samari daga ƙauyukan nan namu, aka haye teku da su zuwa ƙasar Bama da ke Asiya, suka yi yaƙi da Japanawa a cikin dazuzzukan da ruwa ba ya ɗaukewa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su ne suka yi wannan aiki a 1944 da 1945. Sunayen wasu barikokinmu daga can aka ɗauko su: Dodan a Legas, Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya. Barikin Bukavu da muke wucewa ta gabansa a Kano sunan wani gari ne a Kwango, ƙasar da sojojinmu suka je aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960. Nakan tambayi ɗalibaina ko sun san haka, su zuba mini ido. Laifinsu ne? Babu wanda ya taɓa faɗa musu.

Maganar addini

Wani malamin unguwarmu da nake ganin girmansa ya ce mini shi abin da ke damunsa kwaikwayon Nasara ne, da kuma ajiye furanni gaban mutum-mutumi. A kan na biyun ina tare da shi. Ni ma raina ba ya kwanciya da a je gaban gunkin soja a sunkuya, kuma ban ga abin da ya wajabta wa Musulmin ƙauye yin haka ba. Muna da namu hanyar. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je ya yi wa shahidan Uhudu addu'a shekara takwas bayan yaƙin. Ya kuma ce mai ɗawainiya da matar da mijinta ya rasu da kuma miskini kamar mai jihadi ne saboda Allah. A makon tunawar ma ana yin addu'a ta musamman a masallatan Juma'a, Kiristoci su yi tasu a coci.

Furen da ke kan aljihu ba salla ba ne, ba layya ba ne, babu mai neman lada wurin leda. Kuɗin da aka ba da shi ne sadakar, furen sanarwa ce kawai. In mutum ya ce shi zai kai wa matar marigayi kwanon gero ba tare da ya maƙala komai ba, wallahi ya fi mai fure goma da bai ba da sisi ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a fake da bidi'a, a ƙi furen, a kuma ƙi kwanon geron.

"Sojan wa za mu girmama?"

Nan ne maganar ta yi nauyi, kuma ba na son in tsallake ta da wayo.

Mutumin Haɗejia yana iya cewa, rundunar nan da kake yi wa kirari ita ce ta shigo garinmu a 1906, Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙi, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Bakano ya ce ita ce ta fasa ganuwa a 1903. Gaskiya ne, kuma da yawa daga masu riƙe da bindigogin Hausa suke ji. Wani dattijon zai ce, 15 ga Janairu fa? Ranar da sojoji suka shiga gidan Sardauna a Kaduna a 1966 suka kashe shi, suka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas, ita ce za a ce mu yi ado saboda soja? Matashi kuma ba sai ya koma tarihi ba. Zai tuna maka Tudun Biri, Disambar 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya saki bam kan masu Mauludi, rundunar ta amsa cewa kuskurenta ne. Direban da aka taɓa sa shi tsallen kwaɗo a shingen bincike shi ma yana da tasa.

Duk wannan ya faru. Kaki ba ya wanke laifi, kuma duk wanda ya ce don an maƙala fure sai a daina tambayar jinin da aka zubar ba bisa haƙƙi ba, to ya mai da furen abin rufe ido. Ni dai ga yadda nake kallon abin. A daren nan na 1966 ba farar hula kaɗai aka kashe ba. Birgediya Zakariya Maimalari soja ne, Kanar Kur Muhammad soja ne, Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar Yakubu Pam sojoji ne, duk a daren aka hallaka su. In ranar ta zo, wanda ya ga dama ya tuna Sardauna, ya tuna su tare. Ban ga inda ɗayan ya hana ɗayan ba.

Sannan a duba su wane ne ake magana a kansu a ƙauye. Ba janar-janar ba ne masu gidaje a Maitama. Baba Kofur bai kai shekara ashirin ba lokacin da aka yi shelar ɗaukar soja a 1967. Gona ya bari, aka yi masa horon 'yan makonni, aka tura shi ƙasar da bai taɓa jin yarenta ba. Ba shi ya haɗa rigimar ba, babu wanda ya yi shawara da shi. Haka waɗanda aka kai Laberiya a 1990, aka kai Saliyo daga baya. Haka yaran da ke mutuwa a Borno da Yobe tun 2009, da waɗanda ke dajin Zamfara da Katsina yanzu haka. Ɗan talaka ne ke shiga soja a matsayin kurtu, saboda ɗan mai shi yana jami'a. In muka ce fushinmu da hukuma za mu huce a kan tsohon kofur, to mun bar jaki muna dukan taiki.

Har wa yau, mu da ke Jigawa da ƙauyukan Kano muna kwana da ƙofa a buɗe fiye da 'yan uwanmu na Zurmi ko Gwoza. Ba wayonmu ba ne. Allah ne ya tsare, sannan akwai 'ya'yan wasu da ke kwana a rana da sanyi tsakaninmu da abin. Akwai gidan da na sani a garin nan, gawar ɗansu ma ba su gani ba, waya kawai aka bugo.

Inda masu suka suka fi ni gaskiya

Wani abokina, ɗan tsohon soja ne, ya ce mini, "Malam, fure ake ci?" Ban sami amsa ba a lokacin.

Duk shekara shugaban ƙasa yana ƙaddamar da tambarin tunawar, wato jan furen nan, a Abuja, gwamnoni su yi nasu a jihohi. A maƙala wa manya a babbar riga, a ɗauki hoto, a sanar da gudummawa, ranar 15 ga wata a yi fareti a saki fararen tantabaru. A 2021 ma tantabarun ƙin tashi suka yi a gaban Shugaba Buhari, mutane suka yi ta raha a Facebook cewa ko tsuntsayen sun gaji. Amma a wannan Abujar dai tsofaffin sojoji sun sha zuwa su tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi, wasu da tabarmi, suna neman haƙƙoƙinsu da aka riƙe. Mutumin da ya ba da ƙafarsa yana zanga-zanga a kan sanda, wanda ya riƙe masa takarda kuma yana yawo da jan fure a ƙirji. In abokina ya ce wannan rainin hankali ne, me zan ce masa?

Baba Kofur kansa ya ba ni labarin wani zuwa tantancewa da ya yi. Ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, ya kwana biyu a barandar wani ofishi, aka ce harafi ɗaya a sunansa bai yi daidai da na banki ba, ya koma ya gyaro. Lokacin da aka rubuta sunan a 1967, in ji shi, wani saje ne da ba ya jin Hausa sosai ya rubuta yadda kunnensa ya ji.

Sai dai ni inda na rabu da abokina, shi cewa yake a jefar da furen, ni kuwa cewa nake a riƙe shi a matsayin shaida. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya maƙala alamar nan ya tsaya gaban jama'a ya amsa cewa ana bin sa. Shugaban ƙaramar hukumar da ya saka ta a Janairu ya ba mu damar mu tare shi a Fabrairu mu ce, ranka ya daɗe, matan sojoji nawa ne a ƙasarka da mazansu suka rasu a bakin aiki, me aka yi wa 'ya'yansu? In babu alamar, babu ranar, to ko wannan 'yar ƙofar tambayar ta rufe. Masu tara kuɗin tambarin su ma su riƙa fitowa rediyo suna faɗin abin da aka tara a jiha da inda aka kai shi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Kwamitin masallacin ƙauye ma yana karanta lissafi bayan sallar Juma'a, balle su. Da mutane za su ji haka da kunnensu, mai shayi ma zai saya.

Kaki kuma na masu shi ne

A nan kam ba ni da sassauci. Kayan soja ba kayan gayu ba ne. Doka ta hana farar hula yin shigar jami'i don ya yaudari mutane, rundunar ma ta sha gargaɗi a kan saka kakinta. A wannan zamani da 'yan bindiga ke tare hanya cikin kaki, har direba ya taka birki yana zaton shingen soja ne, duk wanda ya ƙara yawan kakin bogi a gari ya taimaka wa ɓarna ko bai yi niyya ba. Ban ce a kama yaro a lakaɗa masa duka saboda wandon gwanjo ba, wannan ma zalunci ne kuma ana yin sa. Uba ne ya kamata ya ce masa cire, tun daga gida.

Ko iyayen da ke ɗinka wa yara ƙanana kayan soja da salla, da anini a kafaɗa har na janar, nakan yi dariya in gan su, amma ban cika so ba. Mun koya wa yaro cewa igiya da anini a wurin tela ake samu.

Lamba ta fi kaki tsanani, domin an ba mutum ita ne saboda inda ya tsaya da abin da ya gani. Turawan da suka kawo tsarin suna da ƙa'ida mai kyau: mai lamba a ƙirjin hagu yake sawa, in kuwa ɗa ne ko jika ko matar marigayi ke son fitowa da ita ranar tunawa, sai su sa a dama, kowa ya gane ta gado ce. Wannan ya yi mini. Babu ƙarya a ciki, kuma yana hana lambobin ruɓewa a ƙasan adaka.

Bayan abin da ya faru a tasha da kwana biyu na je gidan Baba Kofur da la'asar. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, na zo ba da haƙuri ne kan maganar yaran nan, ni ma ina wurin ban tsawata ba."

Ya ce, "Haba Malam, yaro ai yaro ne. Da sun san abin da ake gani a can, da ba su so a ba su lambar ba ma."

Ya shiga ciki ya fito da wani tsohon gwangwanin alawa. Lambobin na ciki a naɗe da tsumma, da takardar sallama da ta kusa rabewa huɗu, da wani hoto baƙi da fari na samari biyar sun rungumi bindigogi. Ya bi su da yatsa. Wannan ɗan wajen Ɓaɓura ne, a gabansa ya faɗi wajen ƙetare wani kogi. Wannan Batibi ne, shi ya goyo Baba Kofur ranar da aka harbe shi a cinya, tun da aka sallame su bai sake jin labarinsa ba. Wannan na gefe ɗan garin nan ne, ya dawo lafiya, ya yi gadi a wata makaranta har ya rasu. Da na tambayi ina nasa lambobin, sai ya ce jikoki ne suka haɗa da tsofaffin kwanoni suka ba mai jari-bola, aka ba su alawa da 'yan canji.

Na roƙe shi ya zo makarantarmu ya yi wa 'yan aji shida magana, da hularsa da lambobinsa. Ya ce in hedimasta ya yarda zai zo, amma a tanadar masa kujera, ƙafar ba ta son tsayuwa. Na kuma sayi littafin rubutu mai shafi arba'in na fara bin gida-gida ina rubuta sunan duk ɗan garin nan da ya taɓa yin soja, da inda aka kai shi, da ko ya dawo. Liman ya ce in na kammala zai karanta sunayen a yi musu addu'a a Juma'ar da ta fi kusa da 15 ga Janairu. Na kai suna goma sha ɗaya. Uku daga ciki ba a sami wanda ya tuna sunan mahaifinsu ba, sai laƙabi, don haka na bar gurbin a buɗe, Baba Kofur ya ce akwai wata tsohuwa a unguwar gabas da za ta iya sani.